Da Wace Doka Aka Rufe Hanyar Sakkwato?

Da tsakar daren Juma'a, 27 ga Maris 2020, aka rufe hanyoyin da ke shigowa Jihar Sakkwato daga sauran jihohi. Gwamnan wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, shi ya ba da umarnin, na mako biyu a karon farko, aka ɗauke wa motocin abinci da na magunguna, da wa'adin ya cika kuma aka ƙara. A wannan dare Kano ma ta rufe nata, Ribas kuwa ta riga su. Har zuwa ranar ba a samu ko mutum ɗaya da cutar korona a Sakkwato ba, sai 20 ga Afrilu aka tabbatar da na farko. Jama'a da yawa sun yi na'am da matakin, kuma ba za a ga laifinsu ba, domin labarin da ke fitowa daga Italiya a makonnin nan mai tayar da hankali ne, asibitocinmu kuwa kowa ya san iya ƙarfinsu. Sai dai akwai tambayar da tsoro ya hana a tsaya a amsa, da annoba ta lafa kuma aka bar ta a nan: da wace doka gwamna ke hana ɗan Najeriya shiga wani yanki na Najeriya? Abin da nake gani shi ne, ana iya taƙaita zirga-zirga saboda annoba, kundin tsarin mulki ma ya yarda da haka, amma yadda aka yi a 2020 tushensa a doka ba shi da ƙarfi, kuma talaka ne ya ji wannan rauni a jikinsa.

Kafin a shiga sassan doka, ya kamata a duba mece ce iyakar jiha a wurin mutumin da ke zaune a unguwa irin Runjin Sambo. Ta nan ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke bi safe da yamma, kuma da wuya ka shiga layi ɗaya ba ka tarar da gidan da uwargida 'yar Argungu ce, ko maigida mutumin Talata Mafara, ko ɗan hayar da iyayensa ke Jega ba. Ba abin mamaki ba ne. Sai a 1991 aka cire Kebbi daga Sakkwato, Zamfara kuwa sai 1996. Dattijon da ke kasa albasa a bakin titi ya girmi layin da aka ce kada ya tsallaka. Mai ciwon ƙoda daga Birnin Kebbi ko Gusau a asibitin koyarwa na Sakkwato yake ganin likita, a ranar da aka rubuta masa a kati, ciwon kuma ba ya jiran a buɗe hanya. Ga 'yan ci-rani, waɗanda kowace shekara daga Afrilu zuwa Mayu suke tattara ɗan abin da suka samu a Legas da Fatakwal su kamo hanyar gida don sharar gona. Iyakar Illela da Ƙonni wani abu ne daban: iyakar ƙasa ce, da kwastan da jami'an shige-da-fice da dokokinsu, kuma gwamnatin tarayya ta riga ta rufe ta tun Agustan 2019 ba tare da an yi gardamar ikonta ba. Amma iyakar da ke wajen Bimasa a kan hanyar Gusau alama ce ta inda aikin wannan gwamna ya ƙare na wancan ya fara. Tsarin mulki bai san ta a matsayin ƙofar da ake kullewa ba.

Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zuwa ko'ina a Najeriya da zama a duk inda ya ga dama. Sashe na 15 ya ƙara da ɗora wa hukuma nauyin sauƙaƙa zirga-zirgar mutane da kaya a faɗin tarayya. Masu kare gwamnoni sukan yi saurin nuna sashe na 45, kuma suna da gaskiya cewa ya halatta taƙaita wannan 'yanci saboda lafiyar jama'a. Amma sashen ya gindaya sharaɗi biyu. Na farko, abin da zai taƙaita 'yancin dole ya zama doka. Na biyu, dokar ta zama wadda hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Sharaɗin farko shi aka fi takewa, alhali kotu ta riga ta yi magana a kansa shekara huɗu kafin korona. A Legas an daɗe ana hana fita da safiyar Asabar ta ƙarshen wata don tsaftar muhalli, bisa umarnin gwamna. Aka kama wata mata mai suna Faith Okafor tana tafiya a lokacin, aka ci ta tara, ta ɗaukaka ƙara. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa umarnin gwamna ba doka ba ne, kuma ba a hukunta mutum a kan saɓa masa. Sashe na 36 sakin layi na 12 ma haka ya ce: ba a kama mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a doka. Tsaftar gari abu ne mai kyau, kotu ba ta musa ba. Abin da ta ce shi ne kyawun niyya ba ya mayar da jawabin rediyo doka. A jihohi da yawa kuwa, abin da ya isa kunnen direba da fasinja a ƙarshen Maris ɗin 2020 jawabi ne da sanarwar kakaki.

Sai batun wanda ke da hurumin yin dokar tun farko. A jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, killace mutane saboda cuta shi ne na 54, ciniki tsakanin jihohi na cikin na 62, zirga-zirga a kan manyan titunan tarayya na 63. Hanyar Sakkwato zuwa Gusau da Funtuwa ta tarayya ce, haka wadda ta bi ta Tambuwal zuwa Jega. 'Yan sanda da sojojin da aka jibge a shingaye su ma na tarayya ne. Ke nan gwamna ya rufe titin da ba nasa ba, da jami'an da ba nasa ba, a kan al'amarin da majalisar jiharsa ba ta da ikon yi wa doka. A nan ne masu kare matakin ke kawo hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ta cancanci a saurare ta da kyau. Dokar killacewa ta 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari, ta ba shugaban ƙasa ikon ayyana cuta a matsayin mai haɗari, da ayyana wuri a matsayin wanda cuta ta kama, da shimfiɗa ƙa'idojin hana ta yaɗuwa daga wani wuri zuwa wani a cikin ƙasa. Sashe na 8 na dokar ya ce inda shugaban ƙasa bai yi ba, gwamna na iya yi a jiharsa. A ranar 27 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari bai riga ya yi ba, sai 30 ga wata ya sa hannu a ƙa'idojinsa, su ma Legas da Ogun da Abuja suka rufe. Saboda haka, in ji masu wannan ra'ayi, fili a buɗe yake ga gwamnan Sakkwato da na Kano.

Na yarda cewa sashe na 8 ya ba gwamna wani iko, kuma duk wanda ya ce gwamnoni ba su da ta cewa ko kaɗan ya wuce gona da iri. Amma ikon aro ne daga dokar tarayya, kuma sashen da kansa ya ce da sharuɗɗa da iyakokin da suka hau kan shugaban ƙasa ake amfani da shi. Ma'ana sai an ayyana cutar, an rubuta ƙa'idoji, an sa hannu, an buga su inda lauya da alƙali da shugaban 'yan tasha za su iya karantawa. Ko an yi duk wannan, sharaɗi na biyu na sashe na 45 yana nan yana jira. Killacewa a asalinta tana bin cuta ne: a gano inda take, a tsare wurin, a gwada masu fitowa, a ware wanda ya kamu. Sashe na 35 ma ya yarda a tsare mai cuta mai yaɗuwa don a yi masa magani ko a kare jama'a. Rufe iyakar jiha kuwa taswirar siyasa yake bi. Mutumin Aliero ta Jihar Kebbi, inda ba a ji ɗuriyar cutar ba a lokacin, an hana shi shiga Sakkwato, amma mutumin da ke cikin birni yana iya zuwa Isa ko Sabon Birni, tafiyar da ta fi ta Aliero nisa. Idan aka tambayi hukuma dalilin wannan bambanci a gaban alƙali, amsar da za ta bayar dole ta zama ta likitoci, ba ta masu zana iyaka ba. Kotunanmu sun taɓa yin irin wannan tambaya a lokacin da ya fi wannan zafi. A 1962, ana tsakiyar dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, kantoman da aka naɗa, Dokta Moses Majekodunmi, ya taƙaita zirga-zirgar lauya Rotimi Williams a Abeokuta. Kotun Ƙoli ta duba hujjojin ta ce ba su isa ba, ta soke umarnin. Dokar ta-ɓaci tana aiki, majalisa ta amince da ita, duk da haka sai da aka nemi dalili a kan mutum guda.

Wani zai ce ai gobara ake kashewa, wa ke da lokacin rubuce-rubuce? Rigakafi ya fi magani, kuma kwana uku na jinkiri a annoba rayuka ne. Wannan magana tana da nauyi, amma abin da ya faru a makon ya rage mata ƙarfi. A ranar 27 ga Maris ɗin nan gwamnan Legas ya sa hannu a rubutattun ƙa'idoji na yaƙi da cutar, ya jingina su da dokar killacewa da dokar lafiya ta jiharsa. A ƙetaren Illela, a Nijar, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya a ƙarshen Maris, sannan ta killace Yamai, inda cutar ta fi yawa, ta bar sauran jihohi. Mu ma muna da sashe na 305, wanda ya ba shugaban ƙasa ikon ayyana dokar ta-ɓaci idan bala'i ya taso, da sharaɗin a buga ta a jaridar gwamnati kuma kashi biyu cikin uku na kowace majalisa su amince cikin kwana biyu idan suna zama, ko goma idan suna hutu. Gwamna ma na iya roƙon a ayyana ta a jiharsa idan majalisarsa ta mara masa baya. Ba a bi wannan hanya ba. Ba ina cewa ita ce mafi alheri ba, domin tarihin dokar ta-ɓaci a ƙasar nan ba mai daɗi ba ne, amma tana da abin da umarnin baki ba shi da shi: wa'adi, da majalisar da za ta iya cewa a'a. Masu kawo misalin Ostareliya su ma su karanta shi har ƙarshe. Gaskiya ne jihar Ostareliya ta Yamma ta rufe iyakarta a 2020, attajiri Clive Palmer ya kai ƙara, babbar kotun ƙasar ta ba jihar gaskiya a watan Nuwamba. Amma jihar ta dogara ne da dokar da majalisarta ta yi tun 2005, tsarin mulkinsu ya bar wa jihohi wannan fage, kuma sai da ƙwararru kan yaɗuwar cututtuka suka ba da shaida a gaban alƙali kafin a yanke hukunci.

Akwai kuma hujjar addini, wadda a Sakkwato ta fi kowace shiga zuciya, kuma malamai sun yi ta bayaninta a lokacin. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can. Ya tara Muhajirai ya yi shawara, ya tara Ansaru, ya tara dattawan Ƙuraishawa, sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana waɗanda ke cikinta fita don gudu. Umar ya juya da jama'arsa. Wannan asali ne mai ƙarfi na killacewa, ba mai jayayya. Sai dai a lura da siffarsa. Hukuncin ya rataya ne a kan wurin da cutar take, shugaban al'umma ne ya yanke shi bayan shawara, kuma yana da fuska biyu, shiga da fita. A 2020 fuska ɗaya muka riƙe. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Kano, wadda a lokacin ake ta binne mutane har shugaban ƙasa ya sa mata dokar kulle a 27 ga Afrilu, ta loda yara a motoci zuwa Katsina da Jigawa da Kaduna, aka kuma samu da dama daga cikinsu ɗauke da cutar bayan sun isa. Iyakar da aka rufe wa mai zuwa ganin likita, an buɗe ta don a fitar da yaro ɗan shekara goma daga garin da annoba ke ci. Wannan ya saɓa wa hadisin da aka kafa hujja da shi, ya saɓa wa sashe na 41 da ya ba yaron 'yancin zama inda yake, ya kuma taɓa sashe na 42 da ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa.

Abin da rashin rubutacciyar doka ke haifarwa a kan titi ya fi bayyana. Idan babu takardar da ta faɗi wanda zai wuce da wanda ba zai wuce ba, mai riƙe da shinge shi ne majalisa, shi ne alƙali. An ce kayan abinci su wuce, to yaron mota fa, da mai kayan da ke zaune a kan buhunan albasarsa? Taki da irin shuka abinci ne ko ba abinci ba? Mai naƙuda da aka ɗauko daga ƙauyen da asibitin da ya fi kusa da shi ke ƙetaren iyaka fa? Kowane shinge da tasa fatawar, kuma kowa ya san yadda ake sassauta fatawa a hanya: direba ya sauko, a zaga bayan mota, a ba da na goro. Kuɗin mota ya ninka, fasinja ya sauka kafin shinge, ɗan kabu-kabu ya bi da shi ta cikin gonaki ya ajiye shi a gaba, wata motar ta ɗauka. Wanda ya bi ta daji ba a auna zafin jikinsa ba, ba a rubuta sunansa ba, ba wanda zai iya bin sawunsa idan ya kwanta ciwo. Wato rufewar ta hana hukumar lafiya ganin matafiyan da ya fi kamata ta gani. Mai hali ya wuce da takardar izini ko da alfarma, marar hali ya kwana a tasha cikin azumi, wanda ya kama a 24 ga Afrilu. Inda abin ya yi muni kuwa har da rai. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa a mako biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a faɗin ƙasar, adadin da ya fi na waɗanda cutar ta kashe zuwa lokacin.

Za a iya cewa ai ba kotun da ta rushe rufe iyakokin, don haka ya halatta. Shirun kotu ba hukunci ba ne. Tun 24 ga Maris Alƙalin Alƙalai Ibrahim Tanko Muhammad ya dakatar da zaman kotuna sai na gaggawa, waɗanda suka fi aiki a makonnin nan su ne kotunan tafi-da-gidanka masu cin tarar waɗanda aka kama. Kafin a dawo zama sosai an buɗe hanya, mai ƙara kuma ya koma neman abincinsa. Abin da ya rage shi ne misali, kuma misalin yana da haɗari. A Ribas, Gwamna Nyesom Wike ya sa an kama matuƙan jirgin sama biyu na kamfanin Caverton da gwamnatin tarayya ta ce ita ta ba su izinin tashi, a watan Mayu kuma ya rushe otal biyu bisa zargin saɓa umarninsa. A kudu an yi ta tare manyan motoci ana sauke matasan Arewa ana juya su. Bahaushe, wanda fatauci da ci-rani suka kai shi kowane lungu na ƙasar nan, shi ya fi kowa asara ranar da ya zama al'ada gwamna ya rufe jiha da baki. Wanda ya yi tafi da aka rufe Bimasa ba shi da bakin magana idan aka rufe gadar Onitsha a gaban tirelar shanunsa.

Daga baya al'amarin ya koma inda ya kamata ya fara. A 22 ga Afrilu gwamnoni suka amince a tsakaninsu da hana tafiya daga jiha zuwa jiha, shugaban ƙasa ya sanar da haramcin a jawabinsa na 27 ga wata, ya fara aiki a farkon Mayu, aka ɗage shi a 1 ga Yuli. Wannan ya fi kusa da tsarin mulki, tunda hurumin na tarayya ne kuma ƙa'ida ɗaya ce ga kowa. Amma ginshiƙin bai canza ba. Ƙudirin sabuwar dokar cututtuka masu yaɗuwa da Kakakin Majalisar Wakilai Femi Gbajabiamila ya gabatar a Afrilun 2020 ya sha suka, saboda ya tara iko mai yawa a hannun shugaban hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, kuma an kwaikwayo shi daga dokar Singafo. Da shugaban ƙasa ya tashi sa hannu a sababbin ƙa'idoji a Janairun 2021, dokar 1926 ya sake komawa, dokar da ta lissafa kwalara da agana da shawara, wadda tararta naira 200 ce ko ɗaurin wata shida.

Yankin nan ba baƙon annoba ba ne. Sanƙarau ya yi ɓarna a 1996, ya dawo a 2017 ya fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, kwalara ta biyo a 2021. Wata za ta zo, kuma gwamnan da ke kan kujera a ranar zai ji irin matsin da na 2020 suka ji. Aikin 'yan majalisar da Sakkwato da Kebbi da Zamfara suka tura Abuja ne su nemi dokar da za ta faɗi ƙarara wa ke da ikon tsayar da tafiya tsakanin jihohi, bisa shawarar waɗanne likitoci, na kwana nawa kafin a koma gaban majalisa. Ta rubuta waɗanda ba a tarewa: marar lafiya da mai jinyarsa, mai komawa gidansa, manomin da gonarsa ke ƙetare, direban abinci da yaransa. Ta hana kwashe mutane daga inda cuta take zuwa inda babu, ta wajabta gwaji da wurin killacewa mai abinci da ruwa a bakin iyaka maimakon juya mota, ta kuma tanadi alƙalin da zai saurari ƙarar wanda aka tare cikin kwana biyu ko da sauran kotuna na rufe. Ƙa'idojin kuma a fassara su da Hausa, a karanta a Rima Radio, a liƙa a tasha tun kafin a sa shinge.